Sunan Zulaiha a Zauren Dabo

Unguwar Dabo ƙaramin wuri ne can bayan Gwaska, inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. Nan aka haifi Jaji, nan aka haifi babansa, kuma duk ɗan da aka haifa a gidansu a zauren gidan ake raɗa masa suna, tun zamanin kakansa Dabo wanda ya sari wurin. Zamansu mai sauƙi ne. Da damina a yi masara da dawa, da kaka a cika rumbu, da yamma mata na daka, maza na gindin ɗorawa suna musun wanda ya fi iya huɗa.

A kakar da Safiyatu matar Jaji ta haifi 'yarsu ta fari, 'yan bindigar daji suka aiko cewa kowa ya tashi kafin Juma'a. Dama sun riga sun kore dabbobin unguwar, har da ragon da Jaji ya turke domin suna. Mai unguwa Munzali ya samo wani direba, Isah, wanda ya yarda zai shigo da babbar motarsa sau ɗaya tak, ranar Alhamis da safe, ya kwashe su zuwa Birnin Gwari. Alhamis ɗin kuwa ita ce ranar suna.

Abokan Jaji suka ce ya bari sai an isa gari, ai suna ko'ina aka raɗa shi ya raɗu. Shi dai bai iya musu ba, amma abin ya tsaya masa a rai. So yake in yarinyar nan ta girma aka tambaye ta 'yar ina ce, ta sami abin faɗa. Ya je wurin mai unguwa ya roƙi a ɗan jinkirta tafiyar. Munzali ya ce ba zai tsare rayukan mutane saboda tuwon suna ba. Jaji ya ce gaskiya ne, ya dawo gida yana ɗaure kaya.

Ranar Alhamis mota ta iso. Aka loda buhunan masara, da turame, da tukwane, mutane suka hau. Bara'atu, tsohuwar Jaji, har an ɗaga ta an zaunar bisa buhu, sai ta hango Safiyatu ta fito ƙofar gida da jaririya a kafaɗa, ƙafafunta jajir da lallen suna. Tsohuwa ta ce a sauke ta. Aka zaci wani abu ta manta. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa, sai ta nemi dutse ta zauna, ta dubi mai unguwa.

"Munzali, babu macen da ta haihu a unguwar nan da ban hura mata wutar jego ba, har da uwarka. Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya. Ni da jikata sai an kira sunanta a zauren Dabo."

Sai Mairama, maƙwabciyarsu, ta ce a miƙo mata babbar tukunyarta. Wata ta ce a miƙo turmi. Kafin mai unguwa ya gama buɗe baki, rabin matan sun sauka suna neman duwatsun murhu. Isah direba ya yi ta faɗa, wai shi ma yana da 'ya'ya, hanyar nan kuma ba a bin ta da yamma.

"Malam direba," in ji Mairama, "ko ka ci ko kada ka ci, tukunya dai ta riga ta hau wuta."

Ya yi tsaki, ya ce da azahar zai tayar da mota ko da mutum ɗaya ne a ciki. Munzali ya tura samari biyu saman ɗorawa su sa ido a hanyar daji.

Saura rago, kuma babu ko akuya a unguwar. Jaji na tsaye yana tunanin kama zakara, sai ga Jumare, Bafillacen da ya daɗe yana sauka bayan gonarsu, shi ma yana kora 'yan tumakin da suka rage masa zai bar yankin. Hayaƙi ya gani ya ratso. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya janyo rago ɗaya ya sa igiyar a hannun Jaji. Jaji ya fara magana, Jumare ya ce ya bari, shekara da shekaru shanunsa na cin karan gonar nan.

Limamin unguwa ya sauko daga mota ya shiga zaure. Tabarmi suna ƙarƙashin kaya, sai aka shimfiɗa buhu. Babu goro, aka raba soyayyiyar gyaɗa. Jaji ya durƙusa ya raɗa sunan a kunnen liman. Liman ya ce yarinya ta ci suna Zulaiha, aka shafa fatiha, aka yanka rago.

An yi watanni ba macen da ta yi guɗa a Unguwar Dabo, don tsoron kada a ji daga daji. Bara'atu ta kama hanci ta rangaɗa. Muryar ta tsufa, ta karye a tsakiya, amma Mairama ta ɗauka, sauran mata suka bi, har samarin da ke kan ɗorawa suna dariya. Aka ci faten tsaki a tsattsaye, Isah ma ya sha kwano biyu.

Naman suna sai ya kwana ake soyawa, ga shi babu inda zai kwana. Isah da kansa ya ɗaure ɓarin ragon biyu a ƙarfen mota, ya ce mai jego ta shiga gaba. Jaji ya janyo ƙofar gida, ya hau.

Suka ratsa dajin lafiya. A shingen shiga Birnin Gwari wani ɗan sanda ya leƙo, ya ga kaya da yara, ya ga nama na lilo, ya tambaya ko su ne waɗanda aka kora. Jaji ya sunkuyo daga saman buhuna.

"Mu ne, yallaɓai. Amma daga wurin suna muke."