Hannun da Ya Riga Igwa

Dogo na ƙoƙarin wuce wata tankar mai lokacin da Mai-gemu, abokin tuƙinsa, ya miƙa hannu ya rage ƙarar lasifika. Ko numfashi biyu ba a yi ba sai igwa ta tashi a cikin labarin da suke saurare, jirgin kyaftin ya dare, mai karatu yana kwatanta ihun matuƙa.

Dogo ya koma hannunsa na titi. Littafin sauraro ne a wayar Mai-gemu, labarin jiragen yaƙi na zamanin da, masu tafiya da iska. Su da ko kwalekwale ba su taɓa shiga ba, amma sun san kowane matuƙi kamar ɗan unguwarsu. Doka ɗaya suka kafa tun babin farko: ba mai saurare sai a cikin wannan tirela, su biyun. Makon jiya da Mai-gemu ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, Dogo ya yi tafiyar shi kaɗai, daga shi sai kukan inji.

"Ya aka yi ka san za a harba?" in ji Dogo.

"Hasashe ne kawai."

"Hasashe. Kai da ko hadari ya haɗu ba ka gane ruwa za a yi."

Mai-gemu ya yi dariyar yaƙe, ya shiga goge gilashin da ba datti.

"To, na ɗan wuce gaba. Ai ba kisan kai na yi ba."

"A gadon jinya?"

Rana tana dukan sitiyari.

"A mota," in ji Mai-gemu. "Wani kamfani ne ya gwada ni. Sabbin motoci, direba ɗaya, ba a haɗa mutum da kowa. Hanyar da nisa, ɗan'uwa, shirun ya ishe ni, na kunna. Sun ɗauke ni. Ƙarshen wata zan fara."

Abin ya yi wa Dogo ciwo, ba kaɗan ba. Ba tafiyar ba ce, kowa da inda abincinsa yake. Shi ne fa ya tsaya gaban manaja yana rantsuwa cewa mutumin nan ko zama ba ya iyawa. Har maganin zazzaɓi ya saya ya aika gidansa. Ashe ana can ana ratsa tekun labarin ba da shi ba.

"Ina ka kai?"

"Na gama."

"Duka?"

"Wallahi sai in sake ji da kai. Ba zan ce uffan ba, kamar ban sani ba."

"Ai na ga ka iya."

Dogo ya sa sigina, ya gangara gefen titi. Ya zare wayar daga jikin lasifika, mai karatu ya katse a tsakiyar kalma, kyaftin na cikin ruwa yana laluben katako. Ya ajiye ta a cinyar Mai-gemu.

"Ba ka so ka ji ko ya tsira?"

"Bar shi inda yake," in ji Dogo, ya sa giya. "Kai kuma duba mana taya a tasha ta gaba. Har ƙarshen wata dai aikinka ne."