Shuɗin Layin da Auta ta Goge

Malamin labarin ƙasa ya ɗora yatsa a kan shuɗin layin da ya ratsa taswirar, ya danne shi kamar mai kashe kwarkwata.

"Wannan fa?"

"Hanyar ruwa ce, Malam," in ji Auta.

"Ta ina ta bi?"

"Ta ƙarƙashin sababbin shagunan mai makaranta."

Ina tsaye a bakin ƙofar ofishin, domin ni aka turo a madadin Baba. Auta ƙanwata ce, tana ajin ƙarshe na babbar sakandare, taswirar kuwa aikin fili ce da za a haɗa makinta da na jarrabawar fita. 'Yan ajinsu duk sun kwafi tsohuwar taswirar da ke rataye a bango tun kafin a haife su. Ita kaɗai ta ɗauki maganar littafi da gaske, ta fita ta auna.

Da tiyon Baba ta yi awon. Baba magini ne, yana da wani siririn tiyo da ake ganin cikinsa, wanda yakan cika da ruwa ya daidaita tsayin gini. Mako uku ina riƙe da baki ɗaya tana riƙe da ɗayan, muna bin unguwa lungu-lungu, har ta gano cewa layinmu ne mafi gangare, kuma katangar shagunan ta toshe kwarin da ruwa ya saba bi. Ranar da ta gama lissafi, ta kafa ƙusa a bangon zaurenmu daidai ƙuguna, ta ce nan ruwa zai kai.

"Aiki ya yi kyau," in ji Malam, bai dube ta ba. "Shekara goma sha biyu ina koyarwa, ban ga irinsa ba. Amma masu duba aiki a ofishin mai makaranta suke zama. 'Ya'yana huɗu. Ki goge layin nan, in ba haka ba hannuna ba zai hau takardar ba."

"Ai kai ka koya mana cewa ruwa ba ya manta hanyarsa."

"A aji na faɗa. Nan ofis ne."

* * *

Mun tarar da Baba a tsakar gida yana kankare siminti daga cokalin gini. Auta ta shimfiɗa taswirar a gabansa.

"Baba, kai ka gina katangar nan. Ka san hanyar ruwa ce?"

"Shekara talatin ina haƙa tushe, sai ke za ki nuna mini inda ruwa ke bi? Ramin tushen na kaiwa gwiwa na tarar da jiƙaƙƙen yashi. Na gaya wa ɗan kwangila, ya ce in leƙa bakin titi in ƙirga magina nawa ne ke zaune."

"Shi ne ka gina."

"Na gina. Littafin da kika koyi awon a ciki ma, daga katangar ya fito."

Mama ta ce daga kicin, "Wannan boko naku dai, daga zane sai shari'a da uba."

Babu wanda ya yi dariya. Na yi shekara huɗu a jami'a ina sauraren kalmomi masu nauyi game da gaskiya da al'umma, na fito na yi shekara uku ina yawo da su cikin ambulan daga ofis zuwa ofis. Na san farashin sa hannu. Na shiga ɗaki na ɗauko abin goge fensir, na ajiye a kan taswirar.

Ta daɗe tana kallona.

"Yaya, har da kai?"

"Ki ci jarrabawa tukuna. Gyara yana gaba."

"Kai da ka ci, me ka gyara?"

Na tura abin gogewar gabanta. Ta goge layin da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa, ta zana shaguna takwas a jere bisa tsandauri.

* * *

Ita ta fi kowa maki. Mai makaranta ya sa aka yi wa taswirar gilashi aka rataye a ofishinsa, yana nuna wa iyayen yara.

Ruwan ya zo wata Laraba da la'asar, bai fi awa uku ba. Ya gangaro kwarin, ya ci karo da katangar Baba, wadda aka gina da kyau ba ha'inci, ya juyo layinmu. Ya ɗauki katifu da buhun hatsi da akwatin Mama. Ya rushe ɗakin gwauruwar da ke maƙwabtaka da mu, aka fito da ita a kan ƙyaure. Washegari jami'ai suka zo da dogayen takalman roba, suka ce wa mai ɗaukar hoto jama'a ne ke zuba shara a magudanai. Shagunan takwas ko dandamalinsu bai jiƙe ba.

Muna kwashe laka daga zaure, sai na ga Auta ta tsaya a gaban bango. Ruwan ya bar shatarsa, miƙaƙƙen layi ruwan ƙasa, kaɗan ƙasa da ƙusar. Ta gwada tazarar da hannunta.

"Na kuskure da yatsa biyu," ta ce.

Baba ya jingine shebur, ya matso ya duba kamar yadda yake duba aikin wani magini.

"Ba lissafinki ba ne. Iska ce ta shiga tiyon. In za ki auna, ki fara fitar da kumfar."

Ya ɗauki shebur ɗinsa ya ci gaba da kwasa.