Kakannin Da-on

Kang Mal-sun ce ta goyi Da-on tun tana jaririya, kuma babu wanda bai san haka ba a unguwarsu a garin Mokpo, domin ita da kanta take faɗa wa duk wanda ya tsaya gaisawa. Ɗanta da matarsa kan fita aiki tun da safe. Ita ke yi wa yarinyar wanka, ita ke ba ta abinci, ita ta yi ta zaryar asibiti har ranar da likita ya ce jikarta tana da otizim. Daga ranar take kiranta "'yar marar lafiyata", cikin ƙauna da tausayi.

Da-on ta kai shekara goma. Tana magana, amma ba kullum ba, ba ta kallon idon mutum, kuma ba ta son a taɓa ta. Mal-sun ta haƙura, ta ce ai haka take yi wa kowa.

Sai ga Yun Bok-hui, kakar yarinyar ta wajen uwa, ta tattaro kayanta daga garin Daejeon bayan rasuwar mijinta, ta kama gida a bayan layinsu. Da zuwanta ta shiga wani taron iyaye da ake yi duk Asabar a cibiyar unguwa, inda ake koyon zama da yara irin Da-on. Damina ba ta ƙare ba Mal-sun ta leƙa ta taga, ta hango su suna dawowa daga makaranta, Da-on riƙe da hannun rigar Bok-hui, tana ta zuba mata labari. Ranar ko abincin rana Mal-sun ba ta iya ci ba.

"Me take ba ta ne?" ta tambayi ɗanta. "Alewa?"

"Babu abin da take ba ta, Mama. Tambayarta kawai take yi kafin ta yi komai."

"Tambaya? Ni da na share mata majina shekara da shekaru, sai na nemi izini?"

Da sanyi ya shigo, aka taru a gidan Mal-sun don haɗa kimchin hunturu, wato kabejin da ake cuɗawa da barkono da gishiri a ajiye. Kabeji ya cika tsakar gida, maƙwabta mata sun zagaye manyan robobi, hannuwa duk jan barkono, hira da shewa na tashi. Da-on na gefe ta toshe kunnuwanta da auduga, tana jera kabeji daga manya zuwa ƙanana. Wata sabuwar maƙwabciya ta gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Ki yi haƙuri," in ji Mal-sun, "ba ta da lafiya ne, baiwar Allah."

"Lafiyarta lau, sadon," Bok-hui ta ce a hankali, tana kiranta yadda iyayen miji da na mata ke kiran juna. Sai ta juya ga maƙwabciyar: "Otizim gare ta, hayaniya ce ta yi mata yawa. In kika je kusa kika yi mata magana ita da kanta, za ta amsa."

Matar ta je ta durƙusa, ta tambayi Da-on wane kabeji ne ya fi girma. Yarinyar ta nuna, har ta ƙara da cewa na ukun ya fi nauyi. Mata suka yi ta mamaki, suna yaba wa Bok-hui.

Ran Mal-sun ya ɓaci. A gidanta, a gaban maƙwabtanta, baƙuwar jiya ta gyara mata magana a kan jikar da ta raina.

"Oho, malama ta zo," ta ce tana murmushin da bai kai ciki ba. "Mu da ba mu je aji ba sai mu yi shiru."

Ta naɗe dafaffen nama a cikin sabon kimchi, ta nufi Da-on don kowa ya ga wace ce kakar gaske. Ta rungumo ta ta baya, ta kai mata loma baki. "Haɗiye, 'yar marar lafiyata, na Kaka ne."

Da-on ta ƙwalla ƙara, ta fizge, ta ruga cikin gida. Bok-hui ta cire safar hannunta ta bi ta, ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Mal-sun ta ɗan jima tana cuɗa barkono da ƙarfi, sannan ta miƙe wai za ta ɗauko gishiri. Ta tsaya a bakin ɗakin da suka shiga, ta kasa kunne. So take ta kama Bok-hui tana zuga yarinyar. Ta leƙa ta ga suna zaune a ƙasa, nesa da juna, babu mai magana. Can Da-on ta ce:

"Kaka Mal-sun ta ce ba ni da lafiya. Kullum tana faɗa. Na auna zafin jikina da safe, babu zazzaɓi. Yaushe zan warke ta daina baƙin ciki?"

"Babu abin da za ki warke daga gare shi," in ji Bok-hui. "Kanki yana aiki ta hanyarsa ne. Kakarki kuwa tana sonki fiye da yadda bakinta ya iya faɗa."

Mal-sun ta koma waje ba tare da gishirin ba. Maganar yarinyar ta soke ta, amma har a lokacin abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ita aka faɗa wa ba. Ga shi kuma matar nan, maimakon ta ɓata ta, sai ta kare ta, ta hana ta ko abin da za ta riƙe ta da shi.

Asabar ta gaba, da Bok-hui ta shiga taron iyaye, ta tarar da Mal-sun zaune a layin gaba, da jaka a cinya.

"A'a, sadon! Ke ce a aji?"

"Wucewa na zo yi, ƙafata ta gaji. Ki nemi wuri a baya, nan an cika."

Ba ta ƙara fashi ba. Ta fi kowa tambaya, ta fi kowa gardama da mai koyarwa, kuma in Bok-hui ta ba da amsa daidai sai ta yi tsaki a ciki. Bakinta ya sha suɓucewa da tsohon sunan, ta riƙa kama kanta a tsakiyar kalma. Ta koyi cewa "in zauna kusa da ke?", ta koyi jin "a'a" ba tare da ta kumbura ba, ko da yake wannan ya fi ba ta wuya.

Wajen ƙarshen hunturu, wata rana Mal-sun da jikarta suna zaune su biyu suna tsince busassun ƙananan kifi, Da-on ta matso da kanta har gwiwarsu ta kusa haɗuwa. Mal-sun ta san bai kamata ta yi tambayar ba, amma ta kasa daurewa.

"Da-on, tsakanina da Kaka Bok-hui, wa kika fi so?"

Yarinyar ta yi tunani sosai, idonta a kan kifin.

"Kaka Bok-hui ta fi iya yin shiru. Ke kin fi iya miya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Washegari a cikin bas, kan hanyar zuwa taron, Mal-sun ta gyara zama kusa da Bok-hui ta ce, kamar ba da niyya ba, "Jikata ta ce duk duniya babu mai iya miya kamata."

"Haka ta faɗa mini," in ji Bok-hui tana kallon taga. "Har da ɗaya rabin maganar."

Mal-sun ta buɗe baki za ta rama, sai ta tuna a kan me aka fi ta. Ta tsuke bakinta, ta yi gum har suka sauka.