Ranar da Aka Nuna Alhaji Gado

Alhaji Gado dillalin albasa ne a Aliero, kuma shi ne mai gidan kallon ƙwallo mafi girma a garin. Manyan talbijin uku ne a ciki, ga fankoki, ga sola a kan rufi. Daga Jega da Maiyama ake hawo babur a zo kallo wurinsa.

'Yar ƙanwarsa, Raihanatu, tana aiki a Abuja da wani kamfanin Turawa, irin waɗanda ke ɗaukar manyan wasannin duniya su rarraba wa tashoshin talbijin na kowace ƙasa. Saura wata biyu a fara wata babbar gasa, sai ta bugo masa waya. Ta ce kamfanin zai haɗa ɗan gajeren fim na yadda ake kallon ƙwallo a sassan duniya, a riƙa sa shi kafin kowane wasa, kuma ta ba da sunan gidansa.

Alhaji bai tsaya jin ƙarshen bayanin ba. Ya sa aka yi wa gidan fenti, aka sake allon ƙofa da sunansa ɓaro-ɓaro, ya kai wa tela shadda. A kasuwar albasa kuwa, duk wanda ya gaishe shi sai ya sha labari, ko bai tambaya ba.

Ranar ɗauka motoci biyu suka iso da hantsi. Shugaban tawagar wani dogon Bature ne mai gajeren wando. Ya shiga ya dubi talbijin, ya dubi tayil, ya yamutsa fuska. Ya daɗe yana yi wa Raihanatu magana tana kallon ƙasa, sannan ta matso kusa da kawunta.

"Kawu, ya ce wurin ya cika kyau. Wai irin wanga akwai shi garinsu, ba shi anka aiko su nema ba."

"To mi anka aiko su nema?"

"Afirka."

Alhaji ya ce ai a cikinta suke tsaye. Ba wanda ya fassara wa Baturen.

Aka ɗunguma hanyar Sabiyal, ana tafe Bature na leƙe ta taga, har ya hango wata tsamiya kusa da rumbunan albasa na kara. Nan ya ce a tsaya. Ya nemi tsohuwar talbijin mai ƙusumbi. Aka karaɗe gari kafin a samo guda a shagon Abdulmumin mai gyaran rediyo, wanda ya mayar da ita kujerar zama tun da daɗewa. Abdulmumin ya faɗa musu gaskiya cewa ba ta kamawa. Bature ya ce ba komai, a kwamfuta za su sa mata hoto.

Aka tara mutum talatin a gindin tsamiya, aka ce kowa ya ɓoye wayarsa, ya cire agogo da takalmi. Aka aro akuya aka ɗaure a gefe. Da aka zo kan Alhaji, Bature ya ce shaddar tana kashe wa kyamara ido, a ba shi wata riga. Wadda aka samo ta wani mai lodin buhuna ce, kafaɗarta a yage. Alhaji ya rantse ba zai sa ba. Raihanatu ta tuna masa cewa ƙasashe sama da ɗari za su gani. Ya zagaya bayan rumbu ya canza.

Sau tara suna tsalle da ihu a gaban matacciyar talbijin, cikin rana, wai an ci ƙwallo. A na taran ne Bature ya ce yanzu ya ga farin ciki na gaskiya.

Ranar buɗe gasa bayan la'asar gidan kallo ya cika maƙil, Alhaji na gaba cikin shaddarsa. Aka nuna masu kallo a bakin teku, aka rubuta sunan birninsu. Aka nuna wasu a cikin jirgin ƙasa, su ma da sunan nasu. Sai ga Alhaji, baki buɗe, ƙafa ba takalmi, akuya na cin kara a bayansa. A ƙasa an rubuta Afirka kawai. Daƙiƙa huɗu, aka wuce. Wani daga baya ya fara dariya, gidan ya ɗauka.

Haka aka yi ta maimaita shi kafin kowane wasa har wata guda. Abokan cinikinsa na Fatakwal da Kumasi suka riƙa bugo waya suna tambaya cikin dabara ko albasar bana ta ruɓe ne. Ya kira Raihanatu ya ce ta sa a cire. Ta ce ba ta da iko, kuma manyan kamfanin sun yaba ƙwarai, har Baturen na son dawowa da damina ya yi dogon fim a kansa. Alhaji ya kashe wayar.

Ranar Juma'a tsofaffin danginsa mata suka zo daga Jandutsi yi masa jaje, da kwaryar gero a ka. Bai fito ba. Da suka tafi ya ce wa matarsa, Hajiya Laraba, a bi su a mayar musu da kayansu. Ta ce ya makara, ta riga ta sa an surfa, kuma geron mai kyau ne.