Ratar Maki Bakwai

Wendell Purvis ba ya caca sai a watan Disamba. Duk tsawon kakar ƙwallon jami'o'i, irin na Amurka da ake jifa da hannu, yana zaune a shagonsa na tayoyi a bakin hanyar Greenwood, rediyo na yi, shi kuwa ko sisi ba ya sawa. Sai an gama wasannin mako-mako an shiga na rufe kaka, inda ake kwasar jami'o'in da ba su san juna ba a haɗa su a wani gari mai ɗumi, sannan yake aske gemu ya nufi gidan caca na bakin kogi.

Dabararsa ba ta da wuya. Ba ruwansa da wanda ya fi ƙarfi, wanda ya fi son buga wasan yake nema. In kocin ƙungiya ya samu aiki a wani wuri ya tattara komatsansa, Wendell ya juya mata baya. In manyan 'yan wasanta sun ce ba za su buga ba, suna tattalin gwiwoyinsu saboda manyan kulob da za su ɗauke su, nan ma haka. Yakan ce duk wanda aka kai bakin teku mako guda aka cika shi da nama, ba zai tashi ya yi karo da kowa ba a kan kofin da ko sunansa bai riƙe ba. Wata shekarar ya ci, wata a cinye shi. Labarin waɗanda ya ci kawai yake bayarwa.

A bana sai dabarar ta nuna masa gida. Jami'ar Coldwater, wadda duk garin ke mutuwar so, ta samu gurbi a wasan ranar sabuwar shekara bayan dogon jira. A can Wendell ya yi shekara biyu kafin karatu ya ƙi shi, a can kuma ya haɗu da matarsa Lurleen, wadda har labulen kicin ɗinta jan launin ƙungiyar ne. Ana sanar da wasan kocin ya koma wata jiha. Bayansa mai jifan ƙwallon ya ce shi ma ya gama. Wanda zai maye gurbinsa ɗan aji ɗaya ne, bai taɓa fara wasa ba.

Gidan caca ya sa ratar maki bakwai. Wato wanda ya zuba kuɗi a kan abokan karawar ba zai ci ba sai sun doke Coldwater da fiye da bakwai. A lissafin Wendell da ashirin za a doke su, in ma an ji tausayi. Ya kwana biyu yana juya maganar, ya ga dai dabara ba ta san dangi ba. Ya ɗauki kuɗin da ya ware don gyaran rufin shago.

Hoyt, ƙanin Lurleen, ya bi shi kamar kullum. Shi ba ya caca, ƙaguwar da ake ci sai an ƙoshi a gidan ce take kai shi. Yana tsaye a bayan Wendell a layi ya ji shi yana faɗa wa mai karɓar kuɗi ya zuba duka a kan abokan karawar.

"Mijin Yaya, kunnena ne ko kuwa?"

"Kunnenka lafiya lau."

"Coldwater fa. A can ka samo matarka."

"Matar na samo, ita kuma tana gida. Kocin ne ya gudu."

Hoyt ya ce shi dai bai ji komai ba, amma yunwa yake ji. Wendell ya biya kuɗin abincin.

Ranar wasan falo ya cika da masu kallo a talabijin tun kafin azahar. Lurleen ta dafa wake da kabeji, ta gasa burodin masara, ta soya tarwaɗa. 'Yarsu Darla ta zo da mijinta, maƙwabta suka shigo da kujerunsu, Fasto Gaines ma ya leƙo ya ce minti biyar zai yi, ya zauna a kujerar da ta fi kowace laushi. Lurleen ta miƙa wa Wendell jar rigarsa, ya saka.

Abin ya tafi yadda ya tsara. Kafin hutun rabin lokaci an ba Coldwater ratar sha bakwai. Sabon mai jifan ya jefa wa abokan gaba ƙwallo sau biyu, sau ɗaya kuma ya jefi alƙalin wasa. Wendell ya riƙa girgiza kai a duk inda ya dace, ya ƙara abinci. Duk sanda ya ɗaga ido sai ya tarar Hoyt yana kallonsa yana tauna a hankali.

Da aka dawo Coldwater ta ɗan farfaɗo, ratar ta sauko goma, ta tsaya a nan. Saura ƙasa da minti ɗaya, kowa ya san an gama. Mata sun fara kwashe kwanuka. Can a filin abokan karawar sun fitar da manyansu sun zuba 'yan benci, har sun juye wa kocinsu bokitin ruwa a ka don murna. Babu wanda zai ga laifin ɗan aji ɗayan nan in ya durƙusa da ƙwallo lokaci ya ƙare. Sai ya ja da baya ya wurga ta iya ƙarfinsa. Wani dogon ɗan Coldwater ya cafe a bayan layin cin maki daidai lokacin da agogo ya cika. Maki shida. Coldwater ta sha kashi da ratar huɗu.

Aka ɗan tafa, irin tafin ta'aziyya. Wendell ya miƙe tsaye da farantinsa a hannu.

"Me ya sa zai jefa yanzu?" ya ce. "Yanzu fa. Me ya sa?"

"Gaskiyarka, Baban Darla," in ji Lurleen. "Da tun ɗazu ya yi haka, da yanzu wani zancen ake."

Ya ajiye farantin ya fita baranda ba ko rigar sanyi. Ya zauna a kan matakala yana kallon motarsa. Ta taga aka riƙa leƙensa. Darla ta ce ita ba ta taɓa ganin babanta haka ba, ko ranar da aka binne kakanta. Lurleen ta share ido da gefen rigar girkinta, ta ce shekara da shekaru tana zaton ƙungiyar ba ta dame shi ba, ashe a ciki yake riƙewa. Hoyt ya ce lallai wasan nan ya ci masa abu mai yawa.

Fasto Gaines ya fito ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa rashin nasara ba ƙarshen duniya ba ne, kuma ko ba komai yaran sun rage ratar. Wendell ya ce ya lura.

Ranar Lahadi faston ya kawo shi misali a wa'azi, a kan riƙon amana. Bai ambaci suna ba, amma duk coci aka juyo ana kallonsa. Kafin ƙarshen wata ƙungiyar magoya bayan Coldwater ta garin ta zaɓe shi shugaba, babu hamayya. Lurleen ta fasa sayen sabuwar na'urar wanki, ta saya musu tikitin shiga duk wasannin gida na kaka mai zuwa, ta ba shi a ranar haihuwarsa. Ya yi godiya.

Hoyt bai faɗa wa kowa ba. Ya dai kawo motarsa shago aka sa mata sababbin tayoyi huɗu, da aka zo maganar biya ya tambayi lafiyar Yaya. A watan Maris ya ari kwalekwalen kamun kifin Wendell, yana wurinsa har yanzu.

Rufin shagon ya yi yoyo har bazara, Wendell ya jera bokitai. Da kaka ta zagayo ya riƙa tuƙa Lurleen zuwa Coldwater duk ranar Asabar da ake wasa a gida, shi ne mai riƙe tuta a gaban motocin garin. Kujerunsu suka faɗo kusa da na mahaifiyar mai jifan nan, mace mai kirki, tana kawo musu gyaɗa dafaffiya. Ta ce ɗanta tun yana ƙarami ba ya barin abu sai ya ga ƙarshensa. Wendell ya ce ai ya shaida.