Sabulu a Tukunyar Iya Kubura

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a ofishinmu na tallan sabulu, da rana tsaka. Manajanmu, Alhaji Mamuda, ya zama rago mai tabarau, yana cin saƙonnin masu saye ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, me suka ce?"

"Ban sani ba, Barira. Amma akwai daɗi."

A kan benci, rediyo da allon talla da waya suna zaune sun juya wa juna baya. Rediyo ya ce sabulunmu na wanki ne. Allo ya ce na wankan jarirai ne. Waya ta ce ita tun safe take gaya wa mata a miya ake sa shi.

Na tashi na nufi ƙofa.

Sai ga ni a titi, ana ruwa daga ƙasa zuwa sama, kowane ɗigo lamba ce. Na kifa faranti na tare su. Suka jeru suka nuna mini unguwar da ta fi yarda da waya, har da ƙofar gida. Na sa gudu, gidan yana matsawa. Da na tsaya, ya zo da kansa.

Wata tsohuwa, Iya Kubura, tana juya miyar kuka, kumfa na tashi. Jikokinta sun wanke hannu, sun kewaye akushi. Ta dube ni tana magana, ban ji komai ba. Na shafa kaina, babu kunne. Na baro su a ofis.

"Iya, ki ara mini naki."

Ta ciro ɗaya ta miƙo, da ɗuminsa.

"'Yata, sau nawa zan faɗa? Masu tallanku uku suna ta surutu, kowa da nasa. Ku gaya mana abu ɗaya."

Na kira rediyo da allo da waya, suka shigo tsakar gida suna jan ƙafa. Na sa kunnen a tsakiya, na ce kowa ya saurara kafin ya buɗe baki. Iya ta maimaita. Suka dubi juna, suka ja numfashi tare za su faɗi abu ɗaya.

Ƙaramin jikan ya riga ya tsoma loma, ya kai ta bakin leɓe.

Nan injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka ina riƙe da kunnena.