Ranar da Muka Zauna a Ƙasa

"Kada a kawo ta," in ji babban ɗan Baba Kafinta. "Mutum na kwance rai a hannun Allah, a zo a farfasa mana ɗaki?"

Ina tsaye da fulas ɗin ruwan zafi, ni maƙwabciyarsu da katanga ce kawai ta raba mu. Wadda ake magana a kanta jikar Baba ce, Ƙarama. Tun rasuwar mahaifinta yarinyar ta birkice. In abin ya motsa sai ihu da cizo da jifa, kuma ko uwarta ba ta isa ta taɓa ta ba. Gilashin tagata ma shaida ne. Da duka da lallashi suka gaza, aka kai ta gidan kula da yara masu irin wannan damuwa, can take kwana, can take karatu. Duk Asabar ake kiran dangi a koya musu yadda za su zauna da ita. Baffannin nan masu dogon baki ko leƙawa ba su taɓa yi ba. Uwarta ce ke zuwa, sai Baba yana dogara sanda.

Baba ya buɗe ido. "Ni ne mai mutuwar ko kai? A kawo mini uwargidana."

Washegari da hantsi ma'aikaciyar gidan ta kawo ta. Tun daga bakin ƙofa ta roƙe mu kada a rungume ta, kada a zuba mata ido. Ina, wa ya ji? Gwaggonta ta taso da kuka ta cafke ta. Ƙarama ta fizge, ta fara wani irin gurnani, ta rarumi kofin tangaran da ke kan tebur. Baffanta, babban ɗan Baba, har ya miƙe yana naɗe hannun riga.

"Zauna," in ji Baba, muryar da ƙyar take fita. "Kowa ya zauna a ƙasa, ku kalli bango, ku yi shiru. In babba ya tsaya a kanta, gani take dukanta za a yi. Haka aka koya mana."

Baffan ya dubi mahaifinsa, ya dubi fararen kayansa, ya zauna daɓas a kan siminti. Ni ma na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara. Muka jeru muna kallon bango kamar 'yan makarantar da aka ba horo.

Ina jin hakinta a bayana. Uwarta ta ce a hankali, ba tare da ta juya ba, "Kin tsorata. Muna nan. Babu mai taɓa ki."

Aka daɗe a haka. Can Ƙarama ta ce, "Zan fita."

"Ƙofa a buɗe take," in ji ma'aikaciyar.

Ta fice da kofin. Na ce a raina shi ke nan, tsoho zai tafi bai gana da ita ba, kuma wallahi zuciyata ta karye. Sai muka ji ƙarar famfo. Ta dawo riƙe da kofin da hannu biyu, cike da ruwa.

"Tsoho, leɓenka ya bushe." Ta zura hannu ƙarƙashin kansa ta ɗago shi.

"Uwargida, sai yau kika tuna da mijinki?"

"Ka tsufa da yawa. Sha."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na zuba. Baba ya sha, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana murmushin wanda ya ci gasa.

Bayan la'asar ya cika, hannunta na cikin nasa. Ba ta yi ihu ba, kuka ta yi irin na kowa. Na ji baffan a soro yana tambayar ma'aikaciyar, murya ƙasa-ƙasa, ƙarfe nawa ake zuwa ranar Asabar.

Da na fito zan koma gida, na tarar da Ƙarama da uwarta zaune a ƙofar shagon Baba, cikin garin katako. Yarinyar ta jingina kanta a kafaɗar uwar. Mayafin uwar ya zame har ƙasa, amma ba ta motsa ta ɗauka ba.